Baƙon da Aka Rufe wa Gidan Kiɗa

Tun da Ke Yuluan ta ɗora ido a kan mutumin a bakin gidan bauta na Kaiyuan, zuciyarta ba ta kwanta da shi ba. Sana'arta ke nan, yawo da baƙi cikin tsohon garin Quanzhou na ƙasar Sin tana nuna musu tarihi da kiɗa, kuma ta daɗe a kai har ta san irin mutanen da ke ɗaukar ɗan jagora don kansu kaɗai. Ko ango da amarya, ko tsofaffi masu ciwon gwiwa da ba sa iya bin ayari, ko malaman jami'a da suka zo musamman don su gyara mata magana. Wannan kuwa bai yi kama da ko ɗaya ba. Dattijo ne gajere, da farar riga da 'yar jaka a rataye, ba kyamara, wayarsa ma tana aljihu. Ya ce sunansa Du, daga Hong Kong ya zo. Da harshen hukuma ya yi mata magana, ba da na garin ba, yana auna kowace kalma kafin ya sake ta.

Ba a banza take wannan ɗar-ɗar ba, akwai gidan da take tsoron a gani. A ƙarshen Lungun Masu Fitila akwai wani tsohon gida na jan bulo, mallakin zuriyar Gong, waɗanda suka ƙaura Manila tun kafin a haife ta. Mai gidan na asali attajiri ne mai son kiɗan nanyin, tsohon kiɗan gargajiyar garin, da zai tafi sai ya bar wa makaɗa gidan su riƙa taruwa a ciki, makulli kuma ya bi hannu-hannu har ya zo ga mahaifinta, Ke Tiansi. Tun rasuwar mahaifiyarta tsohon ba ya zuwa nasa gidan sai kwana. Da safe ya buɗe ƙofa, ya share tsakar gida, ya ɗora ruwan shayi, abokansa su shigo ɗaya bayan ɗaya da kayan kiɗansu, su yi ta yi har rana ta faɗi. Yuluan ta sani sarai, ranar da aka raba shi da gidan nan ranar zai fara mutuwa.

Gidajen lungun kuma sai tafiya suke yi. Wani kamfani ne ya sa unguwar a gaba yana mayar da tsofaffin gidaje masaukin baƙi, kuma dabararsa ba ɓoyayya ba ce. Sai ya turo mutum da shigar ɗan yawon buɗe ido, ya shiga ya sha shayi ya yaba sassaƙa, ya ga abin da zai gani, bayan 'yan watanni sai ka ji an nemo magada a ƙetare an yi musu tayin da ba a ƙi. Gidan da ke jikin nasu haka ya tafi, kuma abin da ya fi ci wa Yuluan rai shi ne ita da kanta ta kai mutumin ciki tana washe baki. Tun daga ranar ta daina yarda da baƙo mai yawan kallon rufi.

A cikin babban zauren bauta ta nuna wa Malam Du matan nan masu fukafukai da aka sassaƙa a katakon sama, kowace riƙe da abin kiɗa. A nan ne baƙi ke sakin baki har wuya ya yi musu ciwo. Shi kuwa ya ɗaga kai sau ɗaya don kada a ce bai duba ba, sannan ya matsa jikin wata ƙofa ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya kara kunne. Ya tambaye ta ko gara tana damun tsofaffin gine-ginen garin. Ya tambayi wa ke gyara rufi in ya yi yoyo, masu gida ko masu zama a ciki. Ta amsa masa da murmushin sana'a kawai.

Da suka bi Titin Yamma suka kai hasumiyar agogo, sai ta ce bari ta gwada shi. Ta gyara murya ta shirga masa cewa wani balaraben matuƙin jirgin ruwa ne ya gina ta shekara dubu da suka wuce, don ya riƙa hango jiragensa. Yaron firamare ma a garin nan ya san hasumiyar ba ta kai shekara ɗari ba, kuma ko kogi ba a hangowa daga kanta. Malam Du ya dube ta, ya dubi agogon, ya ce, ashe. Shi ke nan abin da ya ce. Yuluan ta ƙudurta a ranta cewa mutumin da ya biya don ya ji tarihi, aka yi masa ƙarya irin wannan bai ko ɗaga gira ba, ba tarihi ya kawo shi ba.

Suka zauna a wata rumfa shan kunun gyaɗa. Ya sha cokali biyu ya ture kwanon, ya ce ya yi zaƙi da yawa, na da ba haka yake ba. Ba ta tambaye shi na da na yaushe ba, don kafin ta buɗe baki ya jefo mata wata.

"A tallarki kin ce yawon zai ƙare a wani tsohon gidan kiɗa. Na Lungun Masu Fitila ne?"

Ba ta taɓa sa sunan lungun a talla ba, da gangan.

"Wa ya gaya maka sunan lungun, Malam?"

"Ji na yi," ya ce. "Har yanzu ana kiɗa a ciki da gaske, ko sai an hango baƙo a ɗauko kaya? Ginshiƙan fa, suna nan da ƙarfinsu?"

Ta ce masa za su gani in sun je, ta nemi izini kamar za ta kewaya. A bayan rumfar, tsakanin bokitan wanke-wanke, ta kira mahaifinta. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma sautin sarewa ne ya fara shigo mata kunne.

"Baba, ku tashi ku rufe gidan yanzu."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ɗan leƙen asirin kamfanin nan ne a hannuna, ya san sunan lungun, tun safe yake ƙwanƙwasa katako."

"To ki kawo shi ya sha shayi mana. Ɗan leƙen asiri ba ya jin ƙishi?"

Daga can gefe ta ji muryar Kawu Shi, mai busa sarewa, yana cewa in dai saurayi ta samu ta daina kewaye-kewaye ta kawo su duba haƙoransa. Tsofaffin suka kwashe da dariya. Ran Yuluan ya ɓaci. Ta ce wa mahaifinta in mutumin nan ya ga tsakar gidan da sassaƙar zaure, an gama, kafin sabuwar shekara za a kafa musu allon masauki. Su kulle, su cire allon ƙungiya daga saman ƙofa, su kwashi kayan kiɗa su tafi rumfar shayin bayan kasuwa har ta kira su.

Tsohon ya daina dariya. "Luan, da rana tsaka? Ƙofar nan ko ranar da aka binne uwarki a buɗe ta yini."

A nan ne ta yi abin da ta fi yin nadama daga baya. Ta ce masa ta ga katin kamfanin da idonta a cikin jakar mutumin, alhali ko zif ɗin jakar ba ta ga an buɗe ba. Ta tambaye shi in an ƙwace gidan ina Kawu Shi zai kai sarewarsa, ina Gwaggo Fang, mawaƙiyarsu, za ta rera waƙarta, shi kansa ina zai yini. Can ya ce, to, ya kashe.

Don ta ba su lokaci sai ta ja baƙon zuwa wani gidan shayi da 'yan mata ke kiɗan nanyin cikin rigunan siliki, da fitilu masu launi, da mai sanarwa a lasifika. Yaran sun iya, ba a raina musu ba, sai dai duk suna satar kallon agogon bango. Malam Du ya zauna a miƙe kamar wanda aka kawo asibiti, waƙa ɗaya ta ƙare ya tashi. A waje ya ce mata wannan na baƙi ne, shi gidan lungun yake so. Ta ce akwai gadar dutse da ba a barin garin ba a gan ta ba, ya ce ya gode. Ta ce akwai masu wasan 'yar tsana, ya ce ƙafarsa ba za ta kai ba. Ƙafar da ba za ta kai wajen 'yar tsana ba ita ce ta shige gabanta zuwa lungun, har da yanke hanya ta wani saƙo da ba kowane ɗan gari ya san shi ba. Yuluan tana bin sa a baya tana cewa a ranta, har taswira suka ba shi.

Sun tarar da ƙofa a rufe da ƙaton kwaɗo, saman ƙofar kuma fayau. Lungun tsit, sai ƙarar injin masu gyaran gidan maƙwabta. Ta ji daɗi har cikin ranta, ta gode wa mahaifinta a zuci, sannan ta gyara tsayuwa ta fara aiki.

Mai neman sanin iyakar bakin Yuluan da ya tsaya a lungun nan ranar. Ta ce ai ta manta ba ta gyara tallar ba ne, gidan ya daɗe da mutuwa. Makaɗan wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa sababbin unguwanni, na ƙarshe ya kurumce. Gara ta cinye ginshiƙan, in ka jingina sai hannunka ya shige. Duk lokacin guguwar teku ruwa yana kaiwa gwiwa a tsakar gida, rufin kuwa in kana ciki kana ƙirga taurari. Sai ta ƙara gishiri, ta ce masu gidan ma wasu rigimammu ne a Manila, 'yan'uwa da ba sa ga-maciji da juna, sun manta da kakansu sun manta da garinsu, duk wanda ya sayi gidan nan shari'a ya saya wa kansa har jikoki.

"Tun yaushe aka daina kiɗan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"An daɗe, Malam. Ni kaina na manta."

Ya tsaya yana kallon kwaɗon. Sannan ya sauke jakarsa, ya zuge ta, kuma abin da ya ciro ba kati ba ne, ba abin awo ba ne. Turaren tsinke ne guda uku da ashana. Ya kunna su, ya dafa bango ya durƙusa da ƙyar a kan duwatsun lungun, dab da bakin kwata, ya riƙe turaren da hannu biyu a goshinsa. Da ya buɗe baki, harshen garin ne ya fito, tsantsa, irin na mutanen da, wanda rabon Yuluan da jin sa tun kakarta tana raye.

"Kaka, jikanka ne Jiadong, na wajen ɗanka na uku. Na zo daga Manila na tarar an rufe. Ka yafe mana, ba mu zo da wuri ba."

Ya soke tsinkayen a tsagar da ke tsakanin duwatsu, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Yuluan tana kallo ya ciro waya ya kira wani da ya ce wa Yaya, ya gaya masa sun yi gaskiya, ba kowa, su ci gaba da maganar. Bai daɗe a kan wayar ba.

Sannan ya juyo ya ba ta haƙuri, wai ya ɓoye mata suna, Du sunan dangin uwarsa ne, shi Gong ne, hanyar lungun ma a bakin mahaifinsa ya haddace ta. Ya ce kamfanin ya riga ya same su tun bara, 'yan'uwansa duk sun yarda a sayar, shi kaɗai ya tirje, don mahaifinsu ya sha gaya musu cewa muddin ana taɓa tsirkiya a gidan nan ba mai taɓa gidan. Yayyensa suka ce wane kiɗa, ai tuni aka watse. Shi ne ya ce bari ya zo ya gani da idonsa, kuma ba zai yi sallama ba, don ya san halin mutanensa: in aka ji jikan Gong yana tafe, sai an rataya jan ƙyalle tun daga bakin titi, a nemo makaɗa ko da haya ne, a cika masa ciki da abinci har ya kasa ganin komai. Ƙwanƙwasa katako kuwa ciwon sana'a ne, fataucin katako yake yi, yana ta lissafin irin gyaran da gidan zai buƙata in ya same shi da rai. Abin da ta faɗa game da 'yan'uwansa, ya ce, bai ji haushi ba, akwai gaskiya a ciki.

Kunya da tsoro suka taru suka rufe ta. Ta ce masa ƙarya ta yi, duk ƙarya ce. Gidan lafiyarsa ƙalau, ana kiɗa a ciki kullum, ɗazun nan ma ana yi, mahaifinta ne ke riƙe da makulli, ita ce ta sa suka gudu don ta ɗauka shi ɗan kamfani ne. Ta roƙe shi ya sake kiran yayansa.

Yanzu kuma shi ne ya zuba mata irin kallon da take yi masa tun safe.

"Malama, ɗazu kin ce min balarabe ya gina hasumiyar agogo shekara dubu da suka wuce. Kakana yana da hoto a gabanta ana kan ginin. Na yi shiru, na ce wataƙila haka ake yi wa baƙi a nan. Kin ce min gidan nan kango ne, da kika ji ni ne mai shi kuma ya cika da makaɗa. Wacce zan ɗauka?"

"Ka ba ni ɗan lokaci kaɗan, yanzu za su zo."

"Na san za su zo. Daga wane gidan shayi za ki ɗauko su?"

Yuluan ta kira mahaifinta, ta ce su dawo maza, ba ta yi masa bayani ba. Malam Gong bai tafi ba, amma ba don ya yarda ba ne, gwiwarsa ce ta ƙi, ya zauna a kan dutsen bakin ƙofar maƙwabta ya juya mata gefe. Turaren yana ta ci a ƙasa tsakaninsu.

In da hayar makaɗa ta yi, lallai da an cuce ta. Mahaifinta ne a gaba da singileti da silifa, ya naɗe pipa, molon nan mai tsirkiya huɗu, cikin wani tsohon zanin gado. Kawu Shi yana biye da allon ƙungiya a hammata, yana mitar an sa shi hawa kujera da tsufansa, in ya karye 'yar Tiansi ce za ta yi jinya. Gwaggo Fang tana can baya da fulas da ledar magungunanta, tana cewa shayin rumfar nan ruwan wanke kofi ne. Tsoho Ke ya ga baƙo zaune, ya sunkuyar da kai ya gaishe shi a kunyace, ya buɗe kwaɗo ya tura ƙofar gaba ɗaya, ya ce a shigo.

Ba sai an yi wa mutum bayani ba. Butar shayi tana kan murhu da sauran ɗuminta. Kofuna na nan yadda aka bar su, ɗaya da rabin shayi. Kujerun zaure kowace ta lotsa daidai zaman mai ita, hoton tsoho Gong yana bango ba ƙura, da lemo sabo a gabansa. Malam Gong ya tsaya a tsakar gida yana juyawa a hankali. Ya je ga ginshiƙin farko ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, sai dariya ta kuɓuce masa, ya share ido da bayan hannu. Yuluan ta jingina da bango ta sauke numfashi.

A gidan kiɗa ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha shayi ya ji waƙa, don haka tsoho Ke ya zaunar da shi, ya zuba masa, suka ɗauki kaya. Ya rungume pipa a kwance, Kawu Shi ya ɗaga sarewa, Gwaggo Fang ta zauna a tsakiya da 'yan katakon da mai waƙa ke tafawa da su. Muryarta ta tsufa, tana karyewa a sama, amma ba ta kalli agogo ba. Waƙar a hankali take tafiya, kalma ɗaya sai a ja ta har ka manta farkonta. Baƙon ya rufe ido, leɓɓansa suna bin baitin. Yuluan ta ji waƙar nan ba adadi, tana tsaye a gefe tana tunanin inda za ta kai baƙi cin abinci, amma ranar ta saurara har ƙarshe.

Da aka gama ya miƙe ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na kakansa. Tsofaffin suka tashi tsaye gaba ɗaya. Tsoho Ke ya riƙe hannunsa da hannu biyu, yana ta maimaita cewa yana yaro ya taɓa ganin tsoho Gong sau ɗaya, ya ba shi alewa. Ya ɗauko turare daga kan tebur ya ce ya zo ya gaida kakansa.

"Na riga na gaishe shi, Kawu," in ji Malam Gong yana murmushi. "A waje na kunna, da na tarar a rufe."

Ya faɗa ne kawai, har yana ciro waya don ya kira yayansa ya janye maganar ɗazu. Tsoho Ke ya ajiye turaren ya fita. Yuluan ta bi shi zuwa dokin ƙofa, ta gan shi tsaye a lungu yana kallon tsinkaye uku da suka cinye a bakin kwata, da sawun gwiwa biyu a ƙurar duwatsu. Ya daɗe a haka. A ciki ana jin Malam Gong yana gaya wa yayansa da ƙarfi cewa a dakata, ba zai sa hannu ba, gidan yana da rai.

Tsohon ya dawo ya jira har aka gama wayar. Sannan ya cire igiyar makulli daga wuyansa, ya riƙe da hannu biyu, ya miƙa.

"Malamina da ya ba ni wannan, magana ɗaya ya gaya min, ita kakanka ya bar musu. Ba haya, ba godiya, amma duk wanda ya zo jin kiɗa ya tarar da ƙofa a buɗe. Yau jinin mai gida ya zo, ya durƙusa a bakin kwata."

"Haba Kawu, ai ya wuce. Ni ma da laifina, da na faɗi sunana da ba a yi haka ba. 'Yarka ta ɗauka ni ɗan kamfani ne."

"Ko ɗan kamfanin ne, baƙo ne."

"Baba, ni ce fa," Yuluan ta ce. "Ni na sa ka. Katin ma da na ce na gani, ban gani ba."

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. "Ke kika faɗa, Luan. Ni na rufe."

Malam Gong ya ɓoye hannuwansa a baya ya ƙi karɓa. Ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, ya ce saboda su ya ƙetaro teku, in suka tafi me zai gaya wa yayyensa. Tsoho Ke ya saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya ajiye makullin a kan tebur a gaban hoton, ya rusuna wa hoton, ya fara naɗe pipa cikin zanin gado. Baƙon ya ɗauki makullin ya juya ga Kawu Shi, ya ce to shi ya riƙe. Kawu Shi, wanda bakinsa bai taɓa rasa abin tsokana ba, ya girgiza kai ya ce shi ne ya hau kujera ya cire allon. Gwaggo Fang tana ta ɗaure ledar magungunanta ba ta ɗago ba.

"Ki yi masa magana mana," Malam Gong ya ce wa Yuluan. "Mahaifinki ne."

Don mahaifinta ne ta san ba maganar da za ta yi. Ta san shi da sanyin hali da son wasa, kowa yana iya juya shi, ita ma ta juya shi yau da waya ɗaya, amma abin da ya ajiye da hannu biyu ba ya komawa ya ɗauka. Wayar baƙon ta fara ƙara a hannunsa, yayansa ne, ya tsaya yana kallonta ga makulli a ɗaya hannun.

Tsoho Ke ya tsallake dokin ƙofa, ya bar ta a buɗe. Yuluan ta fito tana kallon bayansa yana tafiya cikin lungun da pipa a rungume, silifansa suna ja a ƙasa. Da ya kai bakin titi sai ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya gyara riƙon pipa, ya ci gaba da tsayuwa, don bai san inda ake zuwa a wannan lokaci na rana ba.